Tsakanin Dabara da Cin Amana: Tunatarwa ga 'Yan'uwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka laƙaba wa Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, akwai wata tambaya da take yawan tasowa a tsakanin matasan zawiya, musamman waɗanda suka haɗa karatun zaure da na boko. Sun ji cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya barranta daga duk mai algus. Sun kuma ji cewa shi ɗin dai ya yi izini a yaudari abokin gaba a fagen fama. Sai ɗalibi ya je jami'a ya ji ana cewa a wasu fannoni akan ɓoye wa mutum manufar bincike don kada ya sauya halinsa. To ina iyakar take? Tambayar ba ta nishaɗi ba ce, domin wanda bai san iyakar ba yakan faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ya zargi Shari'a da tufka da warwara, ko kuwa ya ɗauki rangwamen da aka yi wa mayaƙi ya tafi da shi kasuwa. Rami na biyun ya fi cika.

Hausa tana da yalwar kalmomi a nan: dabara, yaudara, zamba, damfara, algus, ha'inci, rufa-ido, cin amana. Larabci ma ya rarrabe. Khid'a ita ce dabarar da ake yi wa maƙiyi. Gisshi shi ne algus. Gadaru shi ne warware alkawari bayan an ɗaura shi. Tauriyya ita ce faɗin magana ta gaskiya mai fuska biyu. Gururi kuwa shi ne ruɗuwar mutum da kansa. Duka sun yi tarayya a abu guda, wato wani ya tafi da wata fahimta a zuciyarsa wadda ba haka abin yake ba. Abin da ya raba hukuncinsu shi ne ko wancan mutumin yana da haƙƙin gaskiya a wuyan wannan. Ciniki yana haifar da wannan haƙƙi, haka alkawari, da maƙwabtaka, da aure, da ba da aminci. Yaƙin da aka shelanta ne kaɗai yake ɗage shi, shi ma ba gaba ɗaya ba.

A fara da kasuwa, tun da nan aka fi sani. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ba da uzuri da ruwan sama. Annabi bai ƙaryata shi ba, bai kuma hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba. Abin da ya tuhume shi a kai shi ne rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mai saye zai gani. Mai sayarwar nan bai furta ƙarya ko guda ba. Jera kayansa kawai ya yi, jerin ya yi ƙaryar a madadinsa.

Duk wanda ya san kasuwannin Arewa, daga Dumega zuwa Tibiri zuwa Dogondutsi, ya san wannan tsibi yana nan bai tsufa ba. Buhun wake ne da aka zuba mai kyau a baki, mai ƙwari a gindi. Tiya ce guda biyu, mai zurfi ta saye da wadda aka bubbuge ta sayarwa, abin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narkon azaba, kuma a kansa aka halaka mutanen Annabi Shu'aibu. Man fetur ne na kwalba da aka surka, wanda zai kashe wa ɗan kabu-kabu injin da yake ciyar da gidansa. A wajen bisashe kuma akwai wanda zai ƙi tatsar akuya kwana biyu don hantsarta ta cika, da wanda zai tsaya gefe yana taya sa da tsada alhali ba saye zai yi ba, sun haɗa baki da dillali ne don baƙo ya ƙara kuɗi. Waɗannan biyun na ƙarshe hadisi ya hana su da sunayensu, tasriya da najashu, shekara fiye da 1400 da suka wuce. Abin takaici shi ne yadda ake canja wa laifin suna. Sai a ce wane ya iya kasuwa, wane idonsa a buɗe yake. Wani ma sai ya yi abin, ya wanke hannu, ya zo ya zauna a sahun farko na wazifa.

A cikin gida ma haka. Abu Dawuda ya kawo labarin Abdullahi ɗan Amir yana yaro, mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi yana zaune. Da ya tambaye ta, ta ce dabino ne, sai ya sanar da ita cewa da ba ta da abin ba shi, da an rubuta mata ƙarya. Yaro ɗan ƙarami, dabino guda. Sau nawa ake cewa yaro ya yi shiru za a sayo masa alewa, alhali babu niyyar sayowa?

To yaƙi fa? Gaskiya ne an yi rangwame. Idan Annabi zai fita yaƙi yakan nuna kamar wata nahiyar ya nufa, in ban da Tabuka a shekara ta 9, inda ya bayyana saboda nisan tafiya da tsananin zafi. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5, Nu'aimu ɗan Mas'ud ya musulunta a ɓoye, ya shiga tsakanin Banu Ƙuraiza da Ƙuraishawa ya sa kowa ya zargi ɗan'uwansa, har ƙawancen ya wargaje. Malaman sira sun ambaci yadda Khalid ɗan Walid ya sauya wuraren rundunoninsa a Mu'uta har Rumawa suka zaci gudunmawa ta iso. Mai lura zai ce ai Nu'aimu ma yardar da aka yi masa ya yi amfani da ita. Haka ne, kuma bai kamata a kauce wa wannan ba. Amma mutanen da ya je wa sun riga sun kewaye Madina da takubba, waɗansunsu sun riga sun yaga yarjejeniyar da ke tsakaninsu da Annabi, kuma Nu'aimu bai ba kowa aminci da sunan Musulmi ba. Imamu Nawawi ya hakaito ittifaƙin malamai cewa dabara a yaƙi halal ce matuƙar babu warware alkawari ko aminci a cikinta.

Wannan togaciyar ita ce zuciyar maganar, kuma tarihin Huzaifa ɗan Yaman ya nuna nauyinta. Ƙuraishawa sun tare shi da mahaifinsa a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin Madina za su nufa, ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso gab da Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, maƙiya kusan dubu. Takobi biyu ba abin rainawa ba ne a irin wannan rana. Alkawarin kuma an karɓe shi ne da tilas, daga hannun masu shirka. Duk da haka Annabi ya umarce su su koma, a cika wa Ƙuraishawa alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Haka nan Muwaɗɗa ta kawo yadda Sayyidina Umar ya rubuta wa wani kwamandansa da kakkausan harshe, bayan ya ji wasu mayaƙa suna cewa mutumin da ya fake a dutse kada ya ji tsoro, in ya sauko su kashe shi. Imamu Malik yana ganin ko nuni da hannu aka yi wa maƙiyi ya fahimci aminci, to ya zama aminci. A 1977 ƙarin yarjejeniyar Janiba ma ya rubuta irin wannan bambanci ƙarara: kwanton ɓauna da ɓad da kama ba laifi ba ne, amma ɗaga farar tuta ko yin kamar an miƙa wuya don a samu damar kisa haramun ne.

Ƙasar Arewa ta ga yaƙin da bai san wannan iyaka ba. A 1898 Faransa ta tura wani ayari ƙarƙashin kyaftin biyu, Bule da Shanuwan, waɗanda ake rubuta sunansu Voulet da Chanoine. A takarda aikinsu shi ne binciken ƙasar da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi, bayan yarjejeniyar rabon iyaka da aka yi da Ingila a watan Yuni na wannan shekarar. A ƙasa kuwa abin da aka gani shi ne ƙone garuruwa, kwashe rumbuna, da kashe mutane saboda sun ƙi ba da 'yan dako ko jagora. A watan Afrilu na 1899 ayarin ya auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a nan cikin Arewa. Mutanenta suka ja da baya cikin ƙurmi mai sarƙaƙiya, suka riƙa harbi daga ɓoye, har ayarin ya ƙone dubban harsasai ya kuma rasa mutane. A watan Mayu aka yi wa Birnin Konni kisan da har yau ba a manta ba. A ƙarshe Bule ya sa aka harbe Kanar Kulob, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe ragamar ayarin, ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan nan kuma sojojinsu suka kashe shi da abokinsa.

A auna ɓangarorin biyu da ma'aunin da ya gabata. Mutanen Lugu ba Musulmi ba ne, amma ɓuyansu a ƙurmi dabara ce tsantsa, wadda babu malamin fiƙihu da zai kira ta ha'inci, domin ba su yi wa maharin alkawarin komai ba. Shi kuwa ayarin ƙaryarsa tana cikin sunansa. An kira shi bincike, an auna tsawon hanya, an rubuta sunayen rijiyoyi, an zana taswira, a bayan mai alƙalamin kuma ga mai bindiga. Ba mamaki tsofaffi su daɗe suna ɗari-ɗari da baƙon da ya zo da takarda yana tambayar yawan mutanen gida da yawan shanu.

Ba kowane mai bincike ne haka ba, kuma adalci ya sa a faɗa. Bajamushen nan Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Kano da Katsina da Sakkwato da Gwandu, ya ƙetare kogi a Sayi a 1853. A hanyar Timbuktu ya ɓad da kama, ya nuna shi Balarabe ne, saboda tsoron ransa. Da ya isa, aka san Kirista ne, Shehu Ahmadul Bakka'i ya ba shi aminci, ya kuma tsaya a kan amincin watanni da dama duk da matsin sarakunan Hamdallahi da suke so a miƙa shi. Shehu Bakka'i Baƙadire ne, saɓaninsa da Shehu Umarul Futi sananne ne, amma wannan bai hana a ce ya yi abin da Sunna ta koyar ba. Wasu masana daga baya, irin su Marc-Henri Piault da ya rubuta tarihin Mawri da Adeline Masquelier da ta yi bincike a Dogondutsi, sun zauna cikin mutanen Arewa aka buɗe musu zaure da baki. Wannan buɗewar amana ce, kuma ita ce jarin duk wani mai bincike.

A nan ne matsalar ilimin zamani take. A 1961 wani malamin jami'ar Yel a Amurka mai suna Milgiram ya gaya wa mutane cewa gwajin ƙwaƙwalwa ake yi, ya sa su danna maɓallin da suke zaton yana jona wa wani mutum lantarki. Babu lantarkin, kukan da suke ji ma shiri ne. Abin da ake aunawa shi ne iyakar biyayyarsu ga mai ba da umarni, kuma 26 cikin 40 sun danna har ƙarshe. An ƙaru da ilimi, amma mutanen sun koma gida da sanin wani abu game da kansu wanda ba su yarda a tono musu ba. Saboda irin wannan ne aka tsaurara ƙa'ida: ba a ɓoye wa mutum abin da zai cutar da shi, ba a ɓoyewa sai in babu wata hanya, kuma dole a bayyana masa bayan an gama, ya janye in ya so. Gwajin magani inda ake ba wasu na gaskiya wasu na banza ba ya shiga yaudara idan tun farko an gaya wa kowa haka za a yi, ya yarda. Wanda ya ce a rufe masa ido ba a yaudare shi ba.

Abin da ya faru a Kano ya fi kusa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin da aka saba. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin asibiti an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Allah ne Ya san haƙiƙanin abin da aka faɗa wa kowace uwa a wannan tsakar asibiti. Amma a 2003, da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a lokacin ba su san Trovan ba.

Kada ɗan'uwa ɗalibi ya ce wannan na manyan kamfanoni ne. Na ɗalibi ƙarami ne amma jinsinsu ɗaya. Zai taso daga Yamai ko Dosso da takardun tambayoyi don kundin kammala karatu, ya sauka wurin maigari, ya ga mutane ba su da lokacinsa, sai ya bar su su zaci ƙungiyar agaji ce ta aiko shi. Ba ya cewa za a kawo taimako, amma ba ya gyara zaton. Mata su bar daka su yi layi, tsoho ya lissafa masa damin hatsin da ya samu da bashin da ake binsa. Wannan shi ne tsibin abincin nan, an ɗora busasshe a sama. Wani kuma rana ta yi zafi, takardu ɗari ne ya cika arba'in, sai ya zauna gindin bedi ya ƙirƙiro sauran sittin da hannunsa. Wata rana wani zai gina shawara a kan waɗannan alƙaluman, ta rijiya ko ta asibiti. Malaman hadisi, waɗanda su ne jagororin tantance labari, sun ƙyamaci tadlisi, wato mai ruwaya ya ɓoye wanda ya ji daga gare shi da lafazi mai fuska biyu, har Shu'uba ɗan Hajjaj ya sanya shi a dangin ƙarya. Ana ba da labarin wani daga cikinsu da ya yi doguwar tafiya wurin wani mai ruwaya, ya same shi yana kiran dabbarsa da shafin riga kamar akwai abinci alhali babu, sai ya juya bai karɓi komai ba.

Game da tauriyya, wadda wasu suke fakewa da ita, asalinta tsira daga zalunci ne. A hanyar hijira an tambayi Sayyidina Abubakar wane ne abokin tafiyarsa, ya amsa da cewa mai nuna masa hanya ne, mai tambaya ya fahimci hanyar sahara, shi kuwa hanyar Allah yake nufi. Ran Annabi ake nema a ranar. Ba a yi ta don a sayar da ramammen sa ba.

Mutanen ɗariƙa suna da wani kaso a wannan babi da ya fi na kowa tsanani. Farkon Suratul Baƙara ya siffanta wasu da suke ƙoƙarin yaudarar Allah da muminai, ya bayyana cewa kansu kawai suke yaudara ba su sani ba. Imamu Gazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u don zargin gururi, ya kasa ruɗaɗɗu gida huɗu: malamai, masu ibada, masu dukiya, da sufaye. Bai ɗaga wa sufaye ƙafa ba. Muridi yana iya riƙe lazimi safe da yamma, bai taɓa fashin zikirin Juma'a ba, sai zuciya ta raɗa masa cewa falalar wuridi za ta shanye tauyen tiya, ko cewa Shehu zai tsaya masa a kan haƙƙin bayin Allah da ya ci da gangan. Ga shi kuwa cikin sharuɗɗan da muƙaddami yake karanta wa mai karɓar ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, akwai kada ya amince wa makarun Allah. Ma'anarsa kada ya ga ni'ima tana sauka ya ɗauka an yarda da shi ke nan. Ana iya buɗe wa mai algus ƙofar ciniki shekara da shekaru, riba tana ƙaruwa, ana yabonsa a zawiya saboda yawan hadiyya, alhali talala aka yi masa. Wannan shi ne istidraji, kuma wanda yake cikinsa shi ne na ƙarshen sani.

Istigfari ɗari na lazimi ba ya sauke haƙƙin mutum, sai an mayar. Fiƙihu bai bar wannan a dunƙule ba. Wanda ya sayar da kaya mai aibin da ya ɓoye, mai saye yana da zaɓin ya riƙe ko ya maido a ba shi kuɗinsa. Wanda ya tauye awo ya san abokan cinikinsa, sai ya cika musu, in kuwa sun ɓace masa ya yi sadaka da kimar abin da niyyar ladan ya je musu. A mazhabar Malik hukuma tana iya karɓe abin da aka yi wa algus, kamar nonon da aka surka da ruwa, ta sadakar da shi don ladabtar da mai shi. Ɗalibin da ya ƙirƙiro amsoshi, gyaransa shi ne ya cire su daga kundinsa ko da adadin zai ragu, ya gaya wa malaminsa arba'in ya samu. Akuyar da aka tara wa nono kuwa, hadisi ya ba mai saye damar ya tatsa ya gani, in bai gamsu ba ya maido ta tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Malikawa suka ce sa'in daga abincin da ya fi yawa a garin ake bayarwa. A Dumega, hatsi ke nan.

Allah Ya yi daɗin tsira ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, Ya yi aminci.